Sarki Mai Doro da Shaidar da Na Hana Bashari

Shekara takwas ke nan da muka binne Bashari a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a kudancin Manchester, ana yayyafi, taɓo yana kama mana takalma. Na ɗauki makara, na shiga cikin waɗanda suka sa shi a kabari, na zuba ƙasa da hannuna. Duk abin da aboki yake yi wa abokinsa a irin wannan rana na yi masa, ban da abu ɗaya. Abin nan ɗaya ne ya sa na roƙi fili a wannan shafi. Amma kafin in kai gare shi sai na bi da ku ta wajen wani sarkin Ingila da ya mutu fiye da shekara ɗari biyar da suka wuce, don labarin Bashari ba ya bayuwa sai da shi. Na sauya sunayen mutane, kuma iyalin sun san zan rubuta.

Ku kira ni Isa. Aikina ɗaukar hoton ƙashi ne a wani asibiti a Birmingham, gidana yana unguwar Perry Barr. Ɗaki ɗaya muka zauna da Bashari a jami'a a Zariya, shi yana karatun tarihi, ni ina fama da na kimiyya. Dogo ne siriri, ba ya rabo da hula ko ana ƙanƙara, kuma Allah ya zuba masa son gardama. In ka ce masa shayin nan ya yi zafi, sai ya tambaye ka wa ya gaya maka, kuma me mai faɗin zai samu. Ya zo Manchester ƙarin karatu, karatun bai kai ƙarshe ba, ya samu aiki a wani ɗan ɗakin karatu na ƙaramar hukuma kusa da unguwar Moss Side. Ya kama gida a saman bene a unguwar Hulme, ya cika shi da littattafai har baƙo ba ya samun wurin salla sai an ɗaga wasu. Ya taɓa aure, bai daɗe ba. Ni dai ban ga laifin matar ba.

Sarkin da Bashari ya ƙwallafa rai a kansa kuwa, ga wanda bai san shi ba, ga labarinsa a taƙaice. Yayansa ne yake sarauta. Da yayan ya mutu ya bar 'ya'ya maza biyu, babban yana ɗan shekara goma sha biyu, sai aka ba ƙanin riƙon ƙasa kafin yaron ya girma. Ya ajiye yaran a wani tsohon gidan sarauta mai ganuwa a Landan, da sunan ana shirin naɗi. Ba a yi wata uku ba aka fito da magana cewa auren iyayensu bai inganta ba, saboda haka ba su da haƙƙin gado, baffan ya haye gadon da kansa. Mutane sun riƙa hango yaran suna wasa a farfajiya, daga baya sai ta taga, daga nan ba a ƙara ganinsu ba. Shekara biyu da 'yan watanni ya yi yana mulki aka kashe shi a fagen yaƙi, aka tuɓe gawar, aka ɗora ta a bayan doki aka shiga da ita gari. A zamanin waɗanda suka kashe shi aka rubuta tarihinsa: mai doro, mai shanyayyen hannu, makashin marayu. Yawancin mutanen ƙasar nan haka suka tashi suka san shi.

Ni Mai Doro nake ce masa don in tsokani Bashari. Shi kuwa "marigayi" yake cewa, sai ka ɗauka wani maƙwabcinsu ne a Tudun Wada. Marigayi ya buɗe wa talaka ƙofar kai ƙara. Marigayi ya sa an rubuta dokoki da harshen da mutane ke ji. Mutanen arewacin ƙasar, inda ya yi hakimci kafin sarauta, sun yi baƙin cikin mutuwarsa, har suka rubuta a littafin garinsu a lokacin da faɗin haka zai iya jawo musu fushin sabon sarki. Ni amsata ɗaya ce kullum: to ina yaran? Sai ya gyara zaman hula ya ce ba a kama shi da jini a hannu ba, babu kuma wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce ya gani da idonsa. Shekaru muna wannan, kuma wasa ne. Matata Binta har ta haddace ɓangaren kowa, in ɗayanmu ya manta sai ta tuna masa daga kicin.

Abin ya daina zama wasa bayan rasuwar Dokta Auwalu, yayan Bashari. Likita ne a Manchester, zuciya ta ɗauke shi a wajen aiki, ba ciwo ba jinya. Ya bar matarsa Rabi da yara biyu a gidansu na Moss Side: Mubarak mai shekara goma sha huɗu da Hafiz mai goma sha ɗaya, haifaffun nan, Hausarsu ba ta wuce "lafiya lau" da "na ƙoshi" ba. Lokacin ne gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, ana rufe abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Zauren matasa na unguwar, inda yaran ke zuwa ƙwallo da dambe bayan makaranta, aka sa masa kwaɗo. Ɗakin karatun Bashari aka mayar da shi kwana uku a mako. Rabi ma'aikaciyar jinya ce, wata rana ta fita tun asuba sai magariba.

Shekara guda bayan rasuwar, da dogon hutu ya zo, Bashari ya ɗauki yaran ya tafi da su Najeriya gaida kakarsu. Mako huɗu aka ce za su yi. Ya dawo shi kaɗai. Ya sa su a wata makarantar kwana a bayan garin Zariya, ya karɓe fasfo ɗinsu ya ba wani ɗan'uwa ajiya.

Ba sai na gaya wa Bahaushe yadda magana take gudu a tsakanin 'yan tsirarun mutane da ke zaune a ƙasar wani ba. Kafin mako ya zagayo labarin ya sauka Birmingham, ya kuma zo da dalilinsa a goye. An ce bayan Rabi ta fita takaba Bashari ya nemi aurenta ta ƙi, shi ne ya haɗa baki da dangi ya raba ta da 'ya'yanta. An ce ba ta da yadda za ta yi, in ta kai ƙara wajen Turawa dangin miji za su tsine mata. A wajen suna da biki ana ganinta ta rame, in an ambaci yaran sai ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, ba ta cewa komai. Mata suka daina amsa gaisuwarsa. A masallaci ana ba shi hannu da ƙarshen yatsu. Wani ɗalibi mai surutu ya laƙaba masa Mai Doro, sunan kuwa ya bi shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau: a bakina ɗalibin ya fara jin sunan, ina ba shi labarin gardamarmu don a yi dariya.

Ni kuma ban tambaye shi ba. Na gaya wa kaina kawaici nake yi, sha'anin gidan wasu ne. Gaskiyar magana na riga na yanke hukunci, kuma ba na son ya ɓata mini shi da bayani. Na san bakinsa, in ya zauna da kai sai ya sa ka yi shakkar sunan mahaifinka.

Shekara ta zagayo. Wata rana da hantsi ina wajen aiki wayarsa ta shigo. "Isa, an tono marigayi!" Na yi salati, na tambaye shi wane marigayin, don hankalina wajen Dokta ya tafi. Ashe sarkinsa ne. Masu haƙar kayan tarihi sun fasa wani filin ajiye motoci na ƙaramar hukuma a Leicester, inda a da akwai gidan ibadar Kirista, suka ci karo da ƙasusuwan mutum. Bayan wasu watanni aka gwada su da zuriyar 'yar'uwarsa aka tabbatar shi ne. Kabarin ma ya yi masa gajarta, cusa shi kawai aka yi, ba alamar likkafani ba akwati, kansa a jingine da bangon ramin. Shekara da shekaru ma'aikata suna ajiye motocinsu a kan sarki suna shiga ofis.

Da hotunan ƙasusuwan suka fito, Bashari ya buga su a takarda, ya hawo bas ya zo Perry Barr ya baza su a kan teburin cin abincinmu. Ya ce in duba masa da idon sana'a. Na duba. Ƙashin bayan ya karkace ƙwarai, amma gefe ya yi, ba tudu ba. Kafaɗa ɗaya za ta ɗara ɗaya, in ya sa riga mai kauri ba lallai ka lura ba. Hannuwan biyu lafiyarsu ƙalau. Ƙoƙon kan ya sha sara. Bashari ya buga tebur har miya ta zuba, ya ce to ga shi, sun yi masa ƙarya a hannu, wanda ya yi ƙarya a hannu me zai hana shi yi a hali? Na ce amma sun yi gaskiya a baya, ko da sun ƙara gishiri. Na ce shekara ashirin ina kallon ƙashin mutane, na ga na liman, na ga na ɓarawon da 'yan sanda suka kawo da ankwa, ban taɓa ganin bambanci ba. Ƙashi ba ya nuna abin da mutum ya yi wa marayu. Na faɗi kalmar marayu ina kallon cikin idonsa. Binta ta tashi ta kwashe kwanuka, ba a ma gama ci ba.

A daminar shekarar Hafiz ya rasu. Zazzaɓin cizon sauro ne na kwana huɗu, irin wanda yaran da suka tashi a can suke kwanciya su tashi, shi jikinsa bai san shi ba. Kafin a kai shi asibitin cikin gari ya yi nisa. Bashari ne ya je ya gaya wa uwar. Bayan wannan ko masu ba shi ƙarshen yatsun sun ragu. Ba a daɗe ba aka rufe ɗakin karatun gaba ɗaya, ya koma jera kaya a wani babban kanti. Ya ƙara ramewa har hular ta yi masa yawa.

Duk da haka, da aka gama shari'a a kan garin da zai karɓi ƙasusuwan aka sa ranar sake binne sarkin, sai ga Bashari a ƙofata da 'yar jakarsa. An ajiye akwatin a babbar majami'ar Leicester na 'yan kwanaki don jama'a su wuce su gani. Shi sai ya je, kuma ni zan kai shi tunda daga nan tafiyar awa guda ce. Na ce mu Musulmi me ya kai mu zaman makokin sarkin Nasara? Ya ce ba addu'a za mu yi ba, ganin ido ne. Na ɗauko makullin mota ina mita.

Layin ya zagaye tituna. Ga tsofaffi da kujerun naɗewa, ga mata riƙe da fararen furanni. Wani mutum a bayanmu yana ta ƙorafi cewa an rufe musu gidan kula da tsofaffi a garinsu amma ana yi wa ƙashi biki, shi ma dai bai fita daga layin ba. Sanyi yana shiga ta tafin ƙafa. Mun yi wajen awa uku, Bashari yana ta zuba, yana lissafa mini irin shaidar zur da aka yi wa marigayi. Ban san abin da ya tsinke a raina ba. Wataƙila sanyin ne. Wataƙila kuma fuskar Hafiz ce, don ni na ɗauki hoton hannunsa wata shekara da suka zo mana hutu ya faɗo daga keke, yana kuka yana tambayata ko zan ba shi hoton ya kai makaranta. Na ce masa da Hausa, a tsakiyar Turawa:

"Ɗan'uwanka ka zo gaidawa, Bashari. Baffa ya zo gaida baffa. Shi dai nasa biyu ne, kai saura ɗaya."

Layi ya matsa, muka matsa. Sannan ya yi magana a hankali, ba da muryarsa ta gardama ba.

"Shekara talatin muna tare, Isa. Ka taɓa zaunar da ni ka ce, Bashari, me ya faru?"

Na ce to ga shi na tambaya, me ya faru?

"Wannan ba tambaya ba ce. Kuma ko tambaya ce, maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Amana ce."

Na yi tsaki. Na ɗauka irin zillewarsa ce da na saba. Muka shiga, muka wuce ta gaban akwatin, ba a barin mutum ya tsaya. Duk awannin nan don kallon da bai kai minti ɗaya ba. Da muka iso Birmingham ya ce in sauke shi a tashar bas, ba zai kwana ba. Bayan wannan mun gaisa a waya da salla uku ko huɗu, gaisuwar da ba ta wuce ya aiki ya sanyi.

Shekara biyu bayan haka maƙwabciyarsa, wata tsohuwa 'yar Jamaika, ta lura kwana biyu ba ta ji tarinsa ta bango ba, ta kira hukuma. Ciwon huhu ne ya daɗe yana ɓoyewa. Kwana tara ya yi a asibiti. Na sa ranar Asabar zan je, ya rasu ranar Alhamis.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka zauna a falon Alhaji Tukur, dattijon mutanenmu na Manchester, mu kamar ashirin. Mubarak, wanda ya dawo ƙasar bayan ya gama sakandare, bai zo ba. Kowa ya san yadda abin yake. Mamaci yana buƙatar shaidar masu rai, kuma tun muna yara aka koya mana cewa abin da mutane suka shaida a kan gawa yana da nauyi a wajen Allah. Ko wace irin rayuwa mutum ya yi, a ranar nan ana lalubo masa alheri ko ɗaya ne a faɗa. Ana ta jan carbi a falon, ba wanda ya fara. Alhaji Tukur ya juyo gare ni ya ce, "Malam Isa, kai ne amininsa tun gida. Me za ka shaida a kansa?"

Ina da abin faɗa cike da baki. Mutumin da ya yi jinyata mako biyu a Zariya da na yi taifot, yana wanke mini kwano har da abin da ba a faɗa a jarida. Mutumin da tsofaffin unguwa suke kai wa takardun hukuma ya zauna ya cike musu bayan an tashi aiki. Mutumin da ban taɓa jin ya ci naman wani ba, har da waɗanda suka cinye nasa. Duk suna kan harshena. Na dubi fuskokin mutane, na tuna Hafiz, na kuma ji tsoron a ce na goyi bayan abin da aka yi wa Rabi. Sai na ce, "Allah ne masani."

Babu wanda bai gane abin da nake nufi ba. Alhaji Tukur ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce a yi wa mamacin fatiha. Aka shafa, aka shigo da shinkafa. Wadda ta yi masa shaida a ranar ita ce tsohuwar nan 'yar Jamaika, da ta tare ni a bakin ƙofar gidansa da na je rufewa, tana kuka tana cewa shekara shida shi yake hawo mata da cefane bene na uku. Ita ba a tambaye ta ba.

Shekara shida na zauna da wannan lafiya lau. In na ce muku ya hana ni barci na yi ƙarya. Sai bikin 'yata Amira ya zo, Rabi ta zo daga Manchester tare da mata. Ana tsakiyar hada-hadar girki da rana ta aiko a kira ni bayan gida, wajen da muke shanya. Ta manyanta, tana dogara sanda. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Baban Amira, an ce ranar da aka binne Baffansu an tambaye ka, ka ce Allah ne masani."

Na ce haka aka yi.

"Gaskiya ka faɗa. Amma ni ma na sani."

Ta ce wata uku kafin tafiyar nan ta buɗe jakar makarantar Mubarak tana neman kwanon abincinsa, ta tarar da wuƙa, da wasu ƙulle-ƙulle da ba ta san sunansu ba, da waya ta biyu. Wasu manyan samari ne suke aikensa tun da aka rufe zauren matasa. Da ta matsa masa ya ce sun gaya masa in ya daina, sun san makarantar Hafiz. "Na rasa inda zan sa kaina," in ji ta. "In na je police su tafi da shi. In school suka ji, social worker, ma'aikaciyar hukuma, ta zo ta kwashe min su duka biyun." Ita ce ta je Hulme da ƙafarta, ta durƙusa a gaban ƙanin mijinta a tsakiyar littattafansa, ta roƙe shi ya fitar mata da su daga ƙasar. Ya ce a nemi wata hanya tukuna, a kai su Birmingham, akwai Isa. Ta ƙi, ta ce Birmingham ba nisa, za a bi su. Ta kuma sa shi ya rantse ba zai taɓa bari yaran su san ita ce ba. "Sun rasa uba, Baban Amira. In suka tsane ni wa ya rage musu? Ya ce to su tsane shi, shi baffa ne, zai iya ɗauka."

Maganar neman aure kuwa ba a taɓa yin ta ba. Ta ji ana yaɗawa ta yi shiru, don shirun yana rufa mata asiri. Bayan rasuwar Hafiz ta ce masa ta yafe rantsuwar, ya fito ya faɗa. Ya ce yanzu ne ma ba zai faɗa ba, Mubarak ba zai iya ɗaukar cewa uwarsa ce ta aika ƙaninsa inda ya mutu ba.

Ina tsaye tsakanin igiyoyin shanya, ana guɗa a cikin gida. Duk cikin abin da ta faɗa, wanda bai bar ni ba har yau shi ne ya ce akwai Isa.

Ba zan mayar da shi waliyyi ba. Shi ma ba zai yarda ba, zai tambaye ni wa ya gaya mini. Ya yi wa yara biyu ƙarya ya hau da su jirgi. Shi ya zaɓi makarantar, mai nisa da asibiti, don abokinsa ne shugabanta, bai kuma tsaya ya tabbatar ana kula da yaran da ba su san sauro ba. Hafiz ya mutu, kuma babu bayanin da zai tashe shi. Ina kuma zargin akwai girman kai a cikin shirunsa, don Bashari yana son ya zama shi kaɗai ne mai gaskiya a ɗaki, ko da ɗakin bai sani ba. Na sha tambayar kaina ko sarkin ne ya koya masa zama da zargi, ko zargin ne ya ƙara manna shi da sarkin. Amma abin da aka ce ya yi, bai yi ba. Ni kuma da na kwana ɗaki ɗaya da shi shekara huɗu, abin da ya raba ni da sanin haka shi ne in hau bas in je Hulme in tambaye shi da zuciya ɗaya.

Wani lokaci ina tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Ɗakin karatunsa ya zama shagon gyaran waya. Filin motocin nan na Leicester ya zama wurin ziyara, ana yankar tikiti a leƙa ramin ta gilashi. Hukuncin da a lokacinsa yake cin mako kafin ya iso Birmingham, yanzu kafin a sauke tukunya ya zaga wayoyin mutanenmu har Kano. Turawa kuma har yanzu ba su gama da sarkinsa ba. Akwai ƙasusuwan wasu yara biyu da aka tono tun da daɗewa a gidan da aka tsare marayun, suna ajiye a wata majami'a a Landan, ba a yarda a yi musu gwajin zamani ba. Na tabbata da yana nan da ya ishi hukuma da wasiƙu. Ni kuma da na ce masa ko an gwada, su waye kawai za a sani, ba za a san hannun wa ba. Da mun kwana muna yi, Binta tana tuna mana inda muka tsaya. Wannan gardamar nake kewa fiye da yadda zan iya faɗa.

A kan sarkin ban canza sosai ba. An ba shi amanar yara biyu, ya ɗauki abin da yake nasu, suka ɓace a hannunsa, kuma bai taɓa fito da su ya kashe maganar ba alhali yana da iko. Wannan nauyi ne da dokokinsa masu kyau ba su sauke masa ba. Sai dai na daina cewa na sani. Na ga yadda mutane masu salla, waɗanda suka ci abinci kwano ɗaya da mutum, suka tabbatar da abin da bai faru ba cikin mako guda, ina cikinsu. In haka ta yiwu a Moss Side da waya a hannun kowa, ban ga abin da zai hana ta yiwuwa shekara ɗari biyar baya ba, a bakin mutanen da suka kashe shi. Wataƙila akwai wata Rabi a labarinsa da ta mutu da maganarta a ciki. Wataƙila kuma babu, ya aikata. A kansa, in na ce Allah ne masani, iyakar gaskiyata ke nan. A kan Bashari kuwa ɓuya na yi a bayan kalmomin.

Da azumin bana Rabi ta gaya wa Mubarak. Yanzu magidanci ne, yana aikin wutar lantarki, yana da 'ya ɗaya. Bayan salla ya kira ni ya ce in raka shi kabarin, bai san inda yake ba. Muka je ranar Lahadi. Babu allo sai lamba, ciyawa ta kusa rufe ta. Ya tsaya hannu a aljihu, ya daɗe. Sannan ya yi magana da Hausarsa ta Zariya da ya koyo dole, a gauraye da Turancin Manchester.

"Uncle, shekara goma sha huɗu ina tsanar mutumin nan, every single day. Yanzu ban san inda zan ajiye ta ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Ni ban san shi ba, wallahi. Wanda ya bar mu a can kawai na sani. Wane irin mutum ne?"

Wannan karon na amsa. Na faro daga Zariya, daga taifot da kwanon, na bi ta kan hular da gardamar shayi, ban ɓoye masa kuskuren baffansa ba, ban kuma ɓoye masa nawa ba. Mun fi awa a tsaye. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban nema ba. Da za mu tafi ya durƙusa ya cire ciyawar da ke kan lambar da hannunsa.

Alhaji Tukur ya rasu bara waccan. Mutanen da ke falon nan sun watse, wasu sun koma gida, wasu suna Kanada, wasu sun bi Bashari. Na san da yawa cikin waɗanda suka rage suna karanta wannan shafi a waya, shi ya sa na zaɓe shi. An yi mini tambaya a gabanku ban amsa ba, to ga amsar. Na shaida Bashari bai nemi matar yayansa ba, bai kuma ƙwace ɗan kowa ba. Na shaida ya yi kuskure, ya ɗauki nasa ya haɗa da na wasu, bai sauke wa kowa ba har ya mutu. Na shaida an ba shi amana ya riƙe ta har ta cinye masa suna da abokai, har da ni. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Hafiz a inda babu zargi.

Sarkinsa ya jira shekara ɗari biyar kafin baƙin da ba su san shi ba su tono shi su yi masa sutura. Bashari takwas ya jira, kuma shi ba baƙi yake jira ba, ni yake jira.